Baƙin Salatef a Kan Zoben Madubi

Ranar da aka buɗe akwatunan sababbin madubai a makarantar maharba, Laftanar Fabián Urrea ya yi murna kamar bai san gidan da yake aiki ba. Shekara da shekaru maharban soja suna leƙe ta madubi mai ƙarfi ɗaya tak, wanda ke janyo abu ninki goma, ba ƙari ba ragi. Ko mutum yana can tsallaken kogin Magdalena, ko yana bayan itacen da ke gabanka, goman ce dai. Waɗannan sababbin kuwa zobe gare su a gindi, dab da ido, wanda ake murɗawa daga uku har sha takwas. In abu na kusa ka sassauta ka ga fili da faɗi, in yana nesa ka janyo shi har ka ga maɓallan rigarsa. Urrea ya karanta duk abin da aka rubuta a kansu, ya ma yi harbi da irinsu a kwas ɗin da aka tura shi waje, don haka ya koma ɗaki yana ta shirya darasi.

Da safe ya shiga ɗakin makamai ya tarar da bindigogi a jere, kowace an ɗaura mata sabon madubinta, kowane madubi kuma an tsayar da zobensa a kan goma, an naɗe shi tam da baƙin salatef irin na masu gyaran wuta. Ƙasa ta sayo ido mai motsi da tsada, makaranta ta ɗaure shi kafin ya ƙifta.

Saje Evaristo Pinilla na zaune a bakin ƙofa yana kurɓar tinto, baƙin kofi mai zafi, ragowar salatef ɗin a wuyan hannunsa kamar awarwaro. Mutumin Boyacá ne, gajere, mai irin ladabin nan da ke sa mutum ya ji kamar an zage shi. Ya daɗe yana koyar da harbi a nan tun Urrea na firamare, kuma ba a taɓa jin ya ce wa na gaba da shi a'a ba. Sai dai ya ce to, ya je ya yi abin da ya ga dama. Da Urrea ya tambaye shi wa ya ba da wannan umarni, sai ya miƙe a hankali, ya sara masa, ya ce Kanal, shugaban makarantar, shi ne ya yanke, shi shawara kawai ya kai.

"Sumercé, yaro da zobe a hannu wasa zai yi," in ji shi, da kalmar nan ta mutanen garinsu mai nufin ranka ya daɗe. "Kafin ya gama murɗe-murɗe an murɗe masa wuya. Goma ta ishe ni, ta ishi wanda ya koya mini."

Ya kuma ba da labarin da kowa a makarantar ya haddace. A zamanin ƙuruciyarsa an taɓa kawo masu zobe, suka zama abin takaici. Da ka murɗa sai saitin ya goce, ɗige-ɗigen da ake auna nisa da su a cikin gilashin kuma su koma ƙarya, don a lamba ɗaya kawai suke faɗin gaskiya. Da idonsa ya ga gwani ya harbi ƙasa a gaban baƙi saboda haka. Urrea ya san ba ƙarya yake yi ba. Ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla cewa wannan cutar an warkar da ita tuntuni, cewa a sababbin nan ɗige-ɗigen suna girma tare da abin da kake kallo, ko a uku ko a sha takwas awonsu ɗaya. Saje ya saurara yana gyaɗa kai kamar wanda aka ja zuwa cocin da ba nasu ba, ya jira aka gama, sannan ya tambaya ko Laftanar zai sha tinto.

Haka kwas ya fara. Da safe Saje ya kwantar da ɗalibai a filin harbi, filin da aka aske shi ƙwal kamar kan sabon kurtu, aka jera masa duwatsu masu farin fenti a gefe, allunan da ake harbi kuma suna tsaye a inda suke tsaye tun kafin a haifi masu harbin. Da rana Urrea ya tara su a aji yana koyar da madubin da ke hannunsu amma aka hana su taɓawa. Yana zane a allo yana ji kamar mai koyar da iyo a kan tabarma.

Ran nan wani kofur ya ɗaga hannu daga baya. Yeferson Palacios ne, dogon baƙin mutum daga Chocó, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba.

"Mi teniente, yallaɓai Laftanar, in haka yake, me ya sa namu yake a ɗaure?"

Da Urrea mai haƙuri ne da ya ce umarni ne, ya wuce. Amma kwana da kwanaki abin na cinsa, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce an ɗaure ne don ana tsoron su yi tunani, kuma duk maharbin da ya bar salatef ya zaɓar masa abin da zai gani, ya fi dacewa da gadin ƙofa. Aji ya yi dariya. Shi ma ya ji daɗin maganar tasa, ya tafi cin abinci yana maimaita ta a zuci.

Washegari a filin harbi Palacios ya zaro wuƙa ya yanke salatef ɗinsa a gaban kowa, ya dunƙule ya sa a aljihu don kada ya ɓata fili. Kafin rana ta take an karɓe bindigar, an gaya masa ya haɗa kayansa. Laifinsa ɓata kayan gwamnati da ƙin bin umarni. Za a mai da shi bataliyarsa ba lambar maharbi, da tabon da zai bi shi duk inda aka kai shi.

Urrea ya same shi a gindin mangwaro yana goge takalmi. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma ce kai ka sa ni ba, abin da ya fi yi wa Urrea ciwo ke nan. Da aka matsa masa sai ya faɗi abin da ya kawo shi kwas ɗin. Bara a Putumayo suna kwance a bakin wata gonar koka, ganyen da ake yin hodar ibilis da shi, shi da Arley, lanzarsa, wato abokin da suke raba ruwa da bargo. Suna gadin wata hanya can nesa sai suka ji motsi a hagunsu, kusa ƙwarai. Ya juyo da bindiga ya sa ido, ba abin da ya gani sai kore. Ganye ɗaya ya cika masa madubin nan mai ninki goma kamar ƙofar ɗaki. Kafin ya ɗago kai ya nemi mutumin da idonsa na Allah, an riga an harbi Arley a baya. Yanzu Arley yana Quibdó a kan keken guragu yana sayar da takardun caca a bakin kasuwa.

"Na yi masa alkawari zan koyi yadda ake gani," in ji Palacios. "Da ka ce zoben na murɗawa ne, sai na ɗauka an zo wurin."

Urrea ya miƙe ya nufi ofishin Kanal.

Kanal Hermes Bejarano mutum ne mai sanyin murya da ƙamshin turare, wanda ya hau muƙamansa duka ta ɓangaren sayen kaya. Bangon ofishinsa cike yake da hotunansa a kan dawakan gonarsa, babu ko ɗaya da yake kwance a bayan bindiga. Shi ya roƙi hedkwatar soja da ke Bogotá ta aiko da madubai, shi ya yi jawabi ranar da suka iso, shi kuma ya yarda a ɗaure su, bai ga wata rigima a tsakanin ukun ba. Ya bar Urrea ya yi ta zuba, yana gyara zaman alƙalumansa a kan tebur. Da ya buɗe baki sai ya ce abin da yake so shi ne bai-ɗaya. In Janar ya zo ya ga madubin wannan a kan biyar, na wancan a kan sha biyu, me zai ce game da tarbiyyar makaranta? Soja ba kasuwa ba ce da kowa zai zaɓi lambarsa.

Urrea ya ce in laifi ne to nasa ne, shi ya zuga kofur, a hukunta shi. Kanal ya yi murmushi ya ce ba a korar hafsa saboda salatef, ɗana, kuma dole wani ya tafi. Sai Urrea ya faɗi abin da bai shirya ba, ya ce a gwada. A ba Palacios bindigarsa da zobe a warware, a ba wanda makaranta ta fi ji da shi tasa a ɗaure, a ga wanda zai dawo gida da rai.

Nan idon Kanal ya yi haske, don ba abin da yake so kamar gasa, muddin yana zaune a inuwa. Ya ce Saje da kansa zai harba. In kofur ya ci, ya zauna ya gama kwas. In ya faɗi, ya tafi a ranar, kuma Laftanar ne zai naɗe zoben da hannunsa a gaban ɗalibai. Ya ce a shirya filin harbi.

"Ba a filin ba, mi coronel, yallaɓai Kanal. A kwarin bayan makaranta."

Kanal ya yamutsa fuska ya ce ai can ba a share ba, ciyawa ce da sauro.

"Su ma waɗanda ke harbin mu ba sa share mana," in ji Urrea.

Kanal ya dube shi na ɗan lokaci, irin duban da ake yi wa doki mai harbi ana tunanin ko a sayar da shi. Sannan ya ce to.

Da hantsi aka sauka kwarin. An kai wa Kanal kujera da laima, ɗalibai suka tsaya a baya. Kwarin cike yake da ayabar daji da ciyawa mai kai ƙirji, daga bakinsa kuma ana hango kogi da wani tsibirin yashi can nesa. An ɓoye mutum-mutumi na ƙarfe a wurare daban-daban, masu jan igiya suna cikin rami, maharbi bai san wanne zai tashi ba, bai san ta ina ba. Kowa za a ɗaga masa biyu, ɗaya nesa ɗaya kusa, su ɗan tsaya su koma.

Saje ya fara. Ya kwanta ya haɗe da ƙasa kamar daga cikinta ya tsiro. Na tsibirin ya tashi, ɗan tsito, ana ganinsa yana rawa cikin zafin da ke tashi daga ruwa. Tsohon ya dubi yadda ciyawa ke kwanciya, ya saki numfashi, ya taɓa kunamar bindiga. Ƙarar ƙarfe ta dawo musu a makare, daga tsakiyar ƙirji. Urrea kansa sai da ya jinjina kai, don harbi ne da shi bai isa ya yi ba, kuma ya san haka.

Sai na kusa ya miƙe a hagu, tsakanin ayaba biyu, inda ko da dutse mutum zai iya jifansa. Ɗalibai sun gan shi. Mai riƙe laima ya gan shi. Kanal ma, da ke marin sauro a wuyansa, ya gan shi har ya nuna da yatsa. Mutum ɗaya ne a kwarin bai gan shi ba, wanda ya fi kowa ido. Saje ya ji motsin igiya ya juyo, bakin bindigarsa ya yi ta yawo cikin ganye, ya wuce ƙarfen ya dawo ya sake wucewa, kamar makaho na laluben ƙofa. Ƙarfen ya kwanta. Saje ya ɗago kai yana ƙifce-ƙifce.

"An ɗaga ne?" ya tambaya.

Urrea ya yi zaton zai ji daɗi, sai ya ga idonsa ya kai kan Palacios, wanda ya kau da kai yana kallon ƙasa, ya gane cewa shi kofur ɗin wannan abin ya taɓa ganinsa daga ciki, ranar da aka harbi Arley.

Palacios ya kwanta a wurin da Saje ya tashi. Ya sassauta zoben, ya bar ido biyu a buɗe. Na kusa ne ya fara tashi, wannan karon a dama, bayan wani kututture, bai gama miƙewa ba harsashi ya kwantar da shi. Da na tsibirin ya fito sai babban yatsan kofur ya murɗa zoben ba tare da ya ɗaga kunci daga bindiga ba. Ya ɗan jima fiye da Saje. Ƙarar ta dawo, a gefen kafaɗa ta samu, ba harbin da za a yi wa waƙa ba, amma ta samu.

Kanal ya tafa. Ya taso da kansa, yana ɗaga ƙafa don kada ciyawa ta taɓa masa wando, ya tambayi kofur a kan lamba nawa ya harbi na kusan. Palacios ya ce huɗu. Kanal ya maimaita, huɗu, yana kallon sama kamar mai warware babban lissafi. Ya juya ya fuskanci ɗalibai ya ce yau an koyi darasi, kuma shugaba na gari shi ne mai karɓar gyara. Saje yana da gaskiya, goma ta yi aiki a nesa. Kofur yana da gaskiya, huɗu ta yi aiki a kusa. Makaranta ba za ta watsar da na da ba, ba za ta ƙi na yanzu ba. Daga yau za a warware duk salatef, a tsayar da kowane zobe a kan bakwai, a sake naɗewa.

Urrea ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Bakwai ba ta kai ganin tsibiri yadda ya kamata ba, ba ta kuma buɗe ayaba ba. An ɗauki makanta biyu an haɗa, an kira ta sulhu. Ya taka gaba ya fara cewa, mi coronel, ai abin da aka gani shi ne murɗawar, ba lambar ba.

"Ka ci, ɗana," in ji Kanal a hankali, murmushin na nan amma idon ya canza. "Kofur ɗinka ya zauna. Ko kana so mu sake duba maganar tasa ne?"

Maganganu sun cika bakin Urrea, masu kyau, masu kaifi, waɗanda zai iya kare kowace da hujja. Ya waiga ya ga Palacios a tsaye da bindiga a ƙirji, yana kallonsa bai ko ƙifta ba. Sau ɗaya ya riga ya yi magana mai daɗi wani ya biya. Ya haɗe ƙafa ya sara, ya ce ba komai, mi coronel. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda shirun ya zo masa da sauƙi.

Sauran kwas ɗin a kan bakwai aka yi shi. Alluna a filin harbi suka fara tsira da ransu fiye da da, sai aka ce iska ce. Saje bai sake ba da labarin madubin zamanin ƙuruciyarsa ba, bai kuma ce komai game da kwarin ba. Ana gobe yaye ɗalibai ya rufe kansa a ɗakin makamai da rana tsaka ya ce zai sabunta naɗin, don Janar kada ya ga ya yi ƙura.

Janar bai zo ba, ya aiko da gaisuwa. An sake wa duwatsu fenti duk da haka. Kanal ya bi layi yana shafa salatef ɗin kowace bindiga da yatsa, baƙi wul, sumul, lamba bakwai tana leƙowa daidai a kowace. A jawabinsa ya sanar cewa ya aika wa Bogotá bayanin wannan sabon tsari na makaranta, yana fatan sauran rundunoni za su yi koyi. Aka tafa. Da ya zo kan Palacios ya maƙala masa lambar maharbi a ƙirji, ya daki kafaɗarsa ya ce ga wanda ya taimaka aka gano bakwai.

Motar da za ta kai su filin jirgi tana jira, daga can kowa sai dajinsa. Palacios ya tsaya a gefen taya ya kira Urrea da ido. Ya karkato da bindigar yadda jikinsa zai kare ta, ya ɗora babban yatsa a kan zoben, ya tura. Zoben ya juya salin-alin, salatef ɗin na kansa ya tafi tare da shi. An bi gaɓar zoben da reza an tsaga naɗin, tsaga siririya kamar gashi, wadda ba mai gani sai wanda ya san tana nan.

Palacios ya ce ba shi ya yi ba, haka ya karɓe ta da safe.

Saje yana bakin ɗakin makamai da kofin tintonsa. Urrea ya je ya tsaya a kansa ya tambaye shi ko duka ya tsaga.

"Ni naɗi aka ce in yi, sumercé, na naɗa. Zafin garin nan ne, ba abin da ba ya tsagawa."

Urrea ya tambaya ko ya gaya wa yaran. Saje ya hura tinto ya ce wanda ya taɓa zai sani.

Iyakar jarumtar gidan ke nan. Mutum ya ga gaskiya da idonsa a gaban ɗalibansa, ya san rayuka na rataye a kanta, abin da ya iya shi ne ya kulle ƙofa ya yi mata ƴar tsaga da reza, ya bar sauran ga sa'a. Urrea ya so ya faɗa masa haka, ya so ya koma tsakiyar filin fareti ya faɗa wa kowa da ƙarfi. Amma lambar da ke ƙirjin Palacios ko awa ba ta yi ba, kuma hannun da ya maƙala ta yana iya cire ta kafin mota ta fita ƙofa.

Urrea ya hau bayan motar ya ce zai yi duban ƙarshe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi bindigar mutum, ya dube shi cikin ido, ya murɗa zoben zuwa huɗu, ya kai shi sha takwas, ya dawo da shi bakwai daidai, ya miƙa masa abarsa bai ce komai ba. Wasu suka buɗe baki, ya girgiza kai, suka rufe. Da ya diro direba ya ta da mota. Kanal na tsaye a barandar ofishinsa yana ɗaga musu hannu, da ya hango Urrea sai ya ɗaga masa babban yatsa, don ya ji daɗin ganin yaron ya fara kula da tsari.